Dashen ceri Rainier mai aure da Gisela 5: zaƙi kam akwai, amma ba ya zama shi kaɗai

Ceri itacen marmari ne na ƙasashen sanyi, mai ƙananan 'ya'ya. Cikin fararen ceri da masu sayar da dashe ke tallatawa a Amurka, Rainier ce ta fi suna. Harold Fogle ya samar da ita a 1952 a tashar bincike ta Jami'ar Jihar Washington da ke Prosser, daga haɗin wasu nau'o'in ceri biyu, Bing da Van. Fatarta rawaya ce, sai ɗan ja a gefen da rana ke duka, cikinta fari-fari, ga zaƙi ba tsami. Ta fuskar ɗanɗano ba a kai ta.

Dashen da ya dace da lambun gida shi ne wanda aka yi wa aure da gindin Gisela 5 na Jamus, wani gindi mai gajarta bishiya. Tsayinsa ba ya cika wuce mita 3 ba, alhali mai gindin Mazzard, wato ceri na daji, na iya kaiwa mita 10, sai da tsani. Yakan fara 'ya'ya a shekara ta uku. Sai dai saiwarsa ba ta nutsewa sosai, don haka tilas a kafa masa turke tun ranar dashe, a kuma riƙa ban ruwa da bazara. Wurin auren, wannan ɗan kumburin da ke ƙasan kara, ya tsaya kamar santimita 10 a kan ƙasa. In aka binne shi, na saman zai yi tasa saiwar, gajartar ta tashi a banza.

Abin da kantuna ba sa faɗa da babbar murya shi ne Rainier ba ta haihuwa da garin furenta. Wanda ya sayi guda ɗaya zai ga fure fari fat a watan Afrilu, 'ya'ya ko na magani babu. Dole a dasa mata wani nau'in ceri kamar Bing ko Van ko Stella a kusa, tazarar mita 3 zuwa 4, inda ƙudan zuma zai yi kai-komo. Ke nan kuɗin dashe biyu ne, ba ɗaya ba.

Yawan ruwa ne babban abokin gabar Rainier. Ƙasa mai riƙe ruwa tana ruɓar da saiwa, gara a yi mata tudu. Ruwan sama dab da nuna yana tsaga 'ya'yan, domin fata na shan ruwa ta kumbura ta fashe. Kada a datse rassa a jiƙaƙƙen hunturu: ta nan ƙwayar cutar da ke sa bawo zubar da ƙaro take shiga, reshe ya bushe. A bari sai bayan tsinka, a ranar da gari ya bushe. Gisela kuma tana da son ɗaukar kaya fiye da ƙarfinta, in ba a rage rassa ba 'ya'yan su fito ƙanana.

Ana cewa tsuntsaye ba su damu da farar ceri ba. Kada a yarda, a sa raga. A tsinke 'ya'yan tare da ɗan karan da ke riƙe da su, a hankali, don ɗan matsi kaɗan yana barin tabo ruwan ƙasa.

Tana buƙatar kimanin awa 700 na sanyi ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Celsius kafin ta farka ta yi fure. Mai gida a Ingila ko Jamus ko arewacin Amurka ya saya, ta cancanci kuɗinta. A Kano ko Maradi hunturu bai kai nan ba, ko Jos ma ba ta isa ba.