Akwatin fiyus na Blue Sea 5026 a motar tafi-da-gidanka: ya cancanci kuɗinsa?

Duk wanda zai ja wayar 12V da kansa a motar tafi-da-gidanka, wato motar da aka mayar ɗakin kwana, aikinsa na farko shi ne raba wuta daga batirin ɗaki (na kayan cikin mota, ba na tada inji ba) zuwa fitilu, firji, fanka da famfon ruwa. Don wannan aka yi akwatin ST Blade mai lamba 5026 na kamfanin Blue Sea Systems na Amurka. Layi 12 gare shi, kowanne na ɗaukar har 30A, jimillarsu kada ta wuce 100A. Fiyus ɗin mota na yau da kullum yake ci, wato ATO ko ATC.

Abin da ya fi burge ni shi ne yana da mahaɗar baƙaƙen wayoyi, wato na negatif, a jikinsa. Kowace na'ura jarta da baƙarta suna dawowa wuri ɗaya, ba sai ka bi bodin mota kana huda ƙarfe ba, inda tsatsa ke shiga wuta ta riƙa ɗaukewa. Ƙarfen cikinsa jan ƙarfe ne da aka lulluɓe da kuza, kuma bakinsa na riƙe fiyus gam. A nan akwatuna masu arha suke faɗuwa: girgizar hanya ta sassauta bakin, wurin ya yi zafi, roba ta narke alhali fiyus bai tsinke ba.

Amma akwatin ba ya kare wayar da ke kawo masa wuta. Dole a sa babban fiyus, MRBF ko ANL, dab da kan batir. Ƙa'idar ABYC, ƙungiyar Amurka mai tsara ƙa'idojin ƙananan jiragen ruwa, ta ce kada tazarar ta wuce inci 7, kusan santimita 18. Waya mai kaurin 16mm² da fiyus 60A sun ishi yawancin ƙananan motoci. In batirin litiyam ne babba, fiyus irin Class T ya fi, domin shi ke iya katse wutar da irin wannan batir ke zubarwa in wayoyi suka haɗu.

Fiyus waya yake karewa, ba na'ura ba. Kada a ɗora koren fiyus mai 30A a kan wayar fitila 1.5mm² don kawai shi ne a hannu. Wayar za ta riga shi ƙonewa. Fitilun LED 5A ya wadatar, famfo yawanci ja mai 10A, firji shuɗi mai 15A. Firjin nan kuwa a kula da tsawon waya. In yana jan 5A a nisan mita 6, zuwa da dawowa mita 12 ke nan: 1.5mm² zai zubar da kusan 0.7V, firji ya riƙa kashe kansa kamar batir ya yi ƙasa. Da 4mm² asarar ba ta kai 0.3V ba.

Aibinsa: ba ya zuwa da fiyus, ba shi da ɗan kwan da ke nuna wanda ya tsinke, sai an ciro an duba ko an gwada da mitar wuta. Zaren kusoshinsa na Amurka ne, #8-32 da #10-32, in ɗaya ya ɓace na M4 ko M5 da aka saba da su ba zai yi daidai ba. Murfinsa ma ba ya hana ruwa.

Inbata, mai mayar da wutar batir irin ta gida, kada ta bi ta cikinsa sam. Mai 1000W tana jan sama da 80A, wayarta da fiyus ɗinta daban daga batir. A cire baƙar wayar batir kafin a fara, a matse kan waya mai zobe da filayar matsi, a kuma sake ɗaure kusoshi bayan tafiyar farko.