Ondansetron: ya tsare min amai, ya ɗaure min ciki

Ranar da aka fara yi min kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankarar mama, nas ta zo da wani jan ruwa a sirinji, kai ka ce zoɓo ne. Shi ne doxorubicin. Kafin ta tura shi sai da ta yi min allurar ondansetron ta jijiya, aka kuma haɗo ni da ƙwayoyinsa masu miligiram 8 in riƙa sha a gida. Yanzu na gama zagaye huɗu, kwana 21 tsakanin kowanne, na isa in faɗi albarkacin bakina.

A zagayen farko ni na cuci kaina. Na dawo gida garau, har tuwo na ci, na ce me zan yi da magani? Ƙarfe biyun dare amai ya tashe ni, ƙwayar da na haɗiya a lokacin ko minti biyar ba ta yi a cikina ba ta dawo. Daga zagaye na biyu na bi lokutan da likita ya rubuta, ko zuciyata ba ta tashi ba, kuma ban sake rungumar bokiti ba. A nan kam maganin ya ci kuɗinsa.

Amma tashin zuciyar kwana na uku da na huɗu ya fi ƙarfinsa. In maƙwabta suka soya albasa sai na toshe hanci da mayafi. Ɗanɗanon ƙarfen nan da ke zama a baki ma ba ruwansa da shi, sai dai in tsotsi tsamiya.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne ɗaurewar ciki. Kwana huɗu ba bayan gida, ciki kamar ganga. Yayata ta dage da miyar kuɓewa da gwanda, tana ta "Sha ruwa mana, ƙanwata," amma sai da likita ya ƙara min maganin sassauta ciki. Ondansetron ɗin yana kuma sa ni ciwon kai. Kafin in sha farasitamol sai na auna zafin jikina, don an gargaɗe ni in ya kai 38 asibiti zan nufa, ko tsakar dare ne.

Akwai irin ondansetron ɗin da ake ɗorawa a harshe ya narke. Ya fi tsada a kemis ɗin unguwarmu, amma shi nake ajiyewa a ƙarƙashin filo.