Wata tara ina kai Auta cibiyar yara masu otizim a hanyar Tech

Ranar da na fara kai Auta wannan cibiya, sai da muka yi kusan minti ashirin a bakin ƙofa. Ya ƙi shiga. Ya zauna a kan dakali yana kaɗa hannayensa kusa da idanunsa, yana ɗan gunjin nan da yake yi in wuri ya yi masa baƙo. Ni kuwa yadda na saba, na kama hannun na danne a cinyata, na ce masa ƙasa-ƙasa, "Bari mana, mutane na kallo." Matar da ta fito tarbarmu ta gaishe ni, ta durƙusa nesa da shi kaɗan, ba ta taɓa shi ba. Ta roƙe ni da Turanci in sakar masa hannu. Ta ce da wannan kaɗawar yake kwantar wa kansa da hankali, in an hana shi, tsoron yana nan, an dai ƙwace masa abin da yake rage shi da shi. Nan take na tuna yadda mahaifinsa yake girgiza ƙafa in yana jiran wani abu, ba wanda ya taɓa ce masa ya bari. Shekara huɗu ina danne hannun yaron nan. Da na sake shi, bai ƙara minti biyar ba ya miƙe ya shiga da ƙafarsa.

Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi, atamfa da mayafai nake sayarwa a Kejetia. 'Ya'yana biyu: mace mai shekara 9, da Auta mai shekara 6. Sunan cibiyar na bar shi a cikina, saboda wasu iyayen da muke haɗuwa a can ko danginsu ba su san suna zuwa ba. Gida ne aka mayar wurin aiki, ɗakuna huɗu da ɗan fili mai lilo, in ka wuce Anloga Junction ka nufi Tech, wato wajen jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi.

Kafin mu isa can, babu sunan da ba a sa wa yaron nan ba. Wasu su ce galahanga, wasu su ce shafar aljanu, wasu su ce ɗan ruwa ne, maƙwabtanmu Asante kuma su ce nsuoba, duk dai ma'anar ɗaya. Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Addu'a ban daina ba, ba kuma zan daina ba, amma hayaƙin nan ƙara firgita shi yake yi. Surukata ta tsaya a kan cewa allurar rigakafi ce ta taɓa shi. Likitar yara a asibitin Komfo Anokye, wanda muke ce wa Gee, ita ce ta fara furta mana kalmar otizim, wato bambancin halittar ƙwaƙwalwa da ke shafar magana da mu'amala da mutane. Ita ce kuma ta warware min zancen allurar: wani likita ne a Ingila ya wallafa wannan magana a 1998, aka bincika aka gano aikinsa ba na gaskiya ba ne, mujallar ta janye rubutun a 2010, shi kuma aka hana shi aikin likita. Ta ce da otizim ake haihuwar yaro, gado yana da hannu sosai a ciki, kuma ba laifin uwa ba ne. Wannan magana ta ƙarshe ce ta sa ni kuka a ofishinta.

Zuwa uku na farko a cibiyar ba su koya masa komai ba, har na fara jin haushin kuɗina. Kallonsa kawai suke yi, suna yi min tambaya. Me yake so? Me yake tsoro? Wane abinci yake ci? Na ce babu abin da yake so kamar murafun kwalba, ya jera su a layi tun daga ƙofar ɗaki har bakin rijiya, in an taɓa ɗaya gidan ya kama da wuta. Na faɗa ne ina jin kunya. Malamar magana ta ce in kawo su. Da waɗannan murafun aka fara komai: ita ta riƙe gwangwanin, shi yana son murfi, sai ya nemi hanyar da zai ce a ba shi. Ba ta ƙwace masa abin da yake so don ya yi biyayya ba, ta shiga cikin wasansa ne ta zauna, ita ma tana jera nata layin a gefe, har ranar da ya miƙa hannu ya gyara mata murfi ɗaya da ya karkace.

Daga nan aka zo kan allon hotuna, kuma a nan ne na san mutanen nan sun san aikinsu. Ba su ba mu hotunan da aka buga a ƙasar waje ba. Da wayata aka ɗauki hoton kofinsa na koko, da buta, da ƙofar banɗaki, da pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, da fuskar kakarsa, aka wanke aka manna a kwali. Na ji tsoro kada hoto ya sa ya ƙi yin magana gaba ɗaya. Malamar ta ce hoto ba ya hana baki buɗewa, sau da yawa ma taimaka masa yake yi, in kuma bai buɗe ba, ai yaro ya samu hanyar faɗin abin da ke ransa. Wata safiya bayan mako shida ina hura gawayi, sai na ji an taɓa min kafaɗa. Auta ne riƙe da hoton kofin koko. Tunda na haife shi ban taɓa jin ya nemi abu ba tare da kuka ba sai ranar.

Akwai kuma maganar da yake maimaitawa. Tun yana ɗan shekara uku yake kwaikwayon yaran mota masu kiran sunan unguwa, ya yi ta cewa "Adum, Adum, Adum" ko "Tech, Tech", mu kuma mun ɗauka surutun banza ne. Malamar ta ce in riƙa lura da lokacin da yake faɗa. Ashe duk sanda ya ce "Adum" fita yake so a yi. Yanzu in ya faɗa sai in amsa masa, "Kana son fita? To, bari mu sa takalmi." A haka ya kama kalmar "fita" da kansa.

Ba sa tilasta masa kallon ido. Sun ce yara da yawa masu otizim sun fi jin magana in ba sa kallon fuskar mai yin ta. Wannan kam bai ba mu wuya ba, don mu a gidanmu yaron da ya ƙura wa babba ido shi ake ce wa mara kunya.

Abin da ya fi amfanar gidanmu shi ne da suka koya mana raba rigima da birkicewa. Mai rigima abu yake nema, in ya samu ya yi shiru. Birkicewa kuwa kunne da ido da fata ne suka ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu: lasifikar biki, ƙarar janareto in an ɗauke wuta, cunkoson Kejetia, ko ma takardar da ke bayan wuyan sabuwar riga. A lokacin ba ya jin lallashi, ba ya jin tsawa, duka kuwa man fetur ne a kan wuta. Sai a rage ƙara, a rage haske, a rage magana, a tsare shi kada ya ji ciwo. Suka sa na sayi marufin kunne irin na masu aikin injin. Da shi ya je filin Idi a Babbar Sallar da ta wuce, ya zauna kusa da mahaifinsa har aka sallame.

Shugabar wurin ta ce hanyar da suke bi tana da suna, wato yarda da bambancin halittar ƙwaƙwalwa. Wata masaniyar zamantakewa 'yar Ostireliya, Judy Singer, tana cikin waɗanda suka fito da wannan tunani a ƙarshen shekarun 1990, kuma manya masu otizim da kansu ne suka fi tsaya masa. Ni da na ji, aya ta 22 ta Suratur Rum ce ta faɗo min, inda aka lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyin Allah. Sai dai kada wani ya ɗauka cewa ake babu wahala. Akwai daren da ba ma barci sai asuba. Auta bai san haɗarin titi ba, ƙofar gidanmu sakata biyu gare ta. Su ma ba su ɓoye min wannan ba, sun dai ware abin da zai cutar da shi, a yi aiki a kansa, da abin da kawai baƙo ne a idon mutane, a ƙyale masa kayansa.

Yayarsa kuwa ban kai ta ba, a taron iyaye na ranar Asabar na tsince ta. Ana bayanin ADHD, wato rashin iya tsayar da hankali wuri guda, wani lokaci tare da yawan motsi, sai na ji kamar 'yata ake siffantawa: a aike ta sayen gishiri ta dawo da ashana, ta bar silifas a makaranta, ta ɗora tukunya ta manta. Mun daɗe muna ce mata mai kunnen ƙashi. Aka ce 'ya'ya mata sukan wuce ba a gane su ba, saboda nasu ya fi zuwa da tafiyar tunani, ba hawa katanga ba. Cibiyar ba ta yanke hukunci, ba ta ba da magani, likita ta tura mu, shi ya tabbatar. Akwai magani, ya yi mana bayaninsa, amma mun fara da gyaran gida tukuna: aike ɗaya a lokaci ɗaya, ta maimaita min kafin ta fita, aikin makaranta minti goma-goma da hutu a tsakani. Hadda kuma yanzu a tsaye take yi, tana zagaya tsakar gida. Surar da take kwana bakwai ba ta zauna ba, yanzu kwana biyu ko uku.

To, ga inda suke da gyara, kuma ba ƙarami ba ne.

Babu ko mutum ɗaya a cikinsu da yake jin Hausa. Turanci ne da Twi. Ni ina ji, amma surukata da take wuni da Auta in ina kasuwa, zama kawai take yi tana kallon bakinsu. Wata sabuwar ma'aikaciya ma ta taɓa ce min mu daina yi masa Hausa a gida, wai harshe biyu zai rikita shi. Na kai maganar gun shugabar, ta ce kuskure ne, bincike bai nuna harshe biyu yana hana irin waɗannan yara magana ba, ta kuma ba ni haƙuri. Na ji daɗin gyaran, amma da uwar da ba ta iya tambaya ba ce aka gaya wa haka, da an raba yaro da harshen kakarsa.

Sai kuɗi. Sidi 150 nake biya duk zama na minti 45, sau biyu a mako, ga kuɗin trotro, wato motar haya, ga rufe shago rabin yini. Katin inshorar lafiya ba ya aiki a wurin. Sun nuna min in je ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarmu ta Asokore Mampong in yi rajista, saboda kason da ake ware wa masu buƙata ta musamman daga asusun ƙananan hukumomi, na kuwa kai takardu. Amma mai sayar da koko ko ƙosai ba za ta iya wannan kuɗi ba, ya kamata a ce suna da zaman rukuni mai sauƙi. Masu taimaka wa malamai kuma ba sa daɗewa. A wata tara mun ga uku, alhali yaro ne da ko hanyar gida aka sauya masa sai ya kwana bai huce ba.

Makarantar boko kam, mutanen cibiyar sun rubuta mata wasiƙa mai kyau, suka kafa hujja da dokar masu buƙata ta musamman ta 2006 da tsarin ilimin bai-ɗaya na 2015, wanda ya ce a karɓi irin waɗannan yara a aji ɗaya da sauran. Makarantar allo kuwa ko tunaninta ba su yi ba, alhali a zango nan ne rabin rayuwar yaro. Ni na je da kaina a kan zancen yayar Auta, na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, yarinyar nan ba raini ba ne, halittarta ce haka. A bar ta ta tsaya a baya tana karatu." Malam ya yi shiru, sannan ya ce, "Hajiya, ai da kin faɗa tun tuni. Akwai biyu irinta a cikin yaran nan." Tun ranar bulala ba ta ƙara sauka a kanta ba.

Wanda yake neman inda za a ce masa nan da wata shida ɗansa zai warke, ba zai samu wannan alkawari a nan ba, na kuma fi yarda da su saboda haka. Ƙofar ɗakin aikinsu a buɗe take, uwa ko uba su shiga su zauna su ga abin da ake yi da ɗansu, duk wurin da aka hana ki wannan, 'yar'uwa, ki ɗauki ɗanki ki fita. Iyaye maza ne har yanzu ba sa zuwa, a taron Asabar mata goma sha wani abu, maza biyu. Mahaifin Auta sai a wata na biyar ya fara leƙowa, yanzu shi yake yanka hotuna yana mannawa.

Da na dami shugabar da zancen Hausa, sai ta ce ko zan riƙa yin tafinta a taron Asabar na farkon kowane wata. Na amsa. Wancan watan mata huɗu suka biyo ni daga Sawaba da Asawase, ɗaya da goyon yaro ɗan shekara biyar da bai taɓa fita ƙofar gida da rana ba. Surukata ma ta zo, ta zauna a gaba. Da aka ce ko akwai mai tambaya, ita ta fara ɗaga hannu, ta ce min, "Tambaye ta, in ya ƙi cin komai sai koko da burodi, a ƙyale shi ko a matsa masa?"