Akwatin wasan yara da ake sayarwa a Kasuwar Dole: abin da ke da kyau a ciki da abin da ya kamata a cire

Masu tireda a Kasuwar Dole ta Damagaram suna sayar da wani akwatin wasa na ƙananan yara, ɗan Cana. A ciki akwai duwatsun katako masu huda irin na carbi, manya da ƙanana, da igiya biyu, da ƙaramin almakashi marar tsinin baki, da ƙullun wasa kala huɗu. Kaya ne masu amfani ga yatsun yaron da ke jardan, wato makarantar ƙananan yara, kafin ya shiga CI, ajin farko na firamare, ya fara riƙe alli. Babbar matsalar akwatin: an zuba kayan ɗan shekara biyar da na ɗan shekara biyu wuri guda, kuma a gidajenmu ƙane ba ya nisa da wa.

A fara da duwatsun. Zura igiya cikin huda yana sa babban yatsa da manuniya su yi aiki tare yayin da ɗaya hannun ke riƙe dutsen, riƙon da yaro zai yi wa fensir ke nan nan gaba. Manyan sun yi daidai da ɗan shekara uku. Ƙananan kuwa haɗari ne. Ma'aunin da Turai da Amurka ke gwada kayan wasa da shi bututu ne mai faɗin santimita 3.17, duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ba na yaron da bai cika shekara uku ba ne, don yana iya maƙale masa a maƙogwaro. A gida, kwalin da ke tsakiyar takardar bayan gida ya isa gwaji, ya ma fi wancan faɗi kaɗan. Abin da ya wuce ta ciki a ɗauke shi. A bayan kwalin akwai alamar jan da'ira da fuskar jariri da 0-3, amma ƙarama ce ƙwarai, mai tireda ma ba ya duba ta.

A shafa cikin hudar da yatsa, wasu na da sartse. A goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a fentin. In kala ta fita, kada dutsen ya je hannun yaro mai kai abu baki.

Igiyar ba ta da kirki. Bakinta na tsefewa cikin kwanaki, yaro ya yi ta fama har ya yi zuciya ya jefar. Igiyar takalmi mai taurin baki ta fi ta. Ga ƙananan yara a rage tsawonta zuwa kamar santimita 20, kuma kada a ɗaure ta ta zama sarƙar wuya.

Almakashin ne ya biya kuɗin akwatin. Bakinsa ba tsini, yana yanka takarda ba tare da ya tauna ta ba, ramukan yatsu kuma daidai hannun yaro. Ɗan shekara uku ya fara da ƴan tsiri-tsirin kwali mai ɗan kauri, faɗin yatsa biyu, wanda sara ɗaya ke raba shi. Takardar kaye, wato littafin rubutu, ta yi laushi, lanƙwashewa take yi. Wajen shekara huɗu sai a ja masa layi mai kauri ya bi, daga baya da'ira. Babban yatsa yana sama kullum. In yaro ya kife hannu ko ya ɗaga gwiwar hannu, a sa masa takarda a hammata ya matse, hannun zai gyaru da kansa. Da wannan almakashi ake koya masa kiyaye kai: ana yanka a zaune, ba a tafiya da shi a buɗe, in za a miƙa wa wani a dunƙule bakin a hannu a ba shi ƙota. A mayar da abin wasa: “Hadiza, miƙa wa Malama almakashi yadda manya ke yi.” Almakashin bahago dai babu a ciki, kuma na dama yana ɓoye masa layin da yake bi.

Ƙullun ba ya jure iskar Damagaram. A hunturu ko zafin Afrilu in aka bar shi a buɗe yini guda ya ƙame. A haɗa na gida: fulawa kofi biyu, gishiri kofi ɗaya, mai cokali biyu, ruwa kamar kofi ɗaya ana zubawa kaɗan-kaɗan, a adana a leda. Gishirin ya yi yawa ga ciki, a hana ci. Yumɓu irin na maginan tukwane na Mirriya ma yana yi, ya fi ƙarfafa yatsu don ya fi tauri.

In dutse ya shiga hanci kada a sa tsinke ko ashana, tura shi ciki ake yi. A kai yaro asibiti. In ya maƙale a maƙogwaro yaro ya kasa kuka ko tari, a sunkuyar da shi a buga tsakanin kafaɗu sau biyar da gindin tafin hannu, sannan, ga wanda ya wuce shekara ɗaya, a tsaya bayansa a matsa saman cibiya ciki da sama sau biyar, ana maimaitawa, wani kuma na neman abin hawa.