Aikin gwiwar Hajiya da kwamfuta: ƙafa ta miƙe, ramuka biyu suka hana mu barci

Wata bakwai ke nan da aka sauya wa mahaifiyarmu gwiwa, kuma tun da muka dawo Kaduna ba a mako guda wani bai tare ni da tambaya ba: "Wai da gaske kwamfuta ce ta yi mata aikin?" Bakina ya gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta.

Hajiya ta fi shekara takwas tana fama da gwiwar dama. Guringuntsin ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi, ƙafar ta lanƙwashe kamar baka har zani ya daina rufa mata asiri. Daga ɗakinta zuwa bakin famfo a gidanmu na Tudun Wada sai ta dafa bango ta huta. Da likita ya ce sai dai a sauya, zuciyarmu ta fara tafiya asibitin ƙashi na Dala a Kano, sai wani dillalin asibitocin Indiya ya shigo ya cika mana kunne da "aikin kwamfuta". Kuɗin kun san shi. Filina na Rigachikun dai ya tafi, kuma abin da aka ƙara saboda kwamfutar kaɗai ya isa kuɗin makarantar yarana na zango guda.

To, kwamfuta ba ta riƙe wuƙa. Likita ne ke yanka, shi ke riƙe da zarto. Da bakinsa ya faɗa mini ta hannun tafinta, yana zane a bayan takarda. Ana ɗaura wa ƙashin cinya da na ƙwauri wasu 'yan ƙwallaye masu ƙyalli, wata kyamara da ke aiki da hasken da ido ba ya gani tana bin motsinsu. Sai a jujjuya ƙafar har na'urar ta gano tsakiyar ƙugu, a taɓa idon sawu da sassan gwiwa da wani ɗan tsinke, allo ya fitar da layin da ya taso daga ƙugu ya bi ta gwiwa ya sauka idon sawu. Aikin magini ne da igiya da ma'aunin ruwa, kada gini ya karkace. Ana so ƙarfen ya zauna bai kauce wa layin da fiye da digiri 3 ba. A tsohuwar hanya sandar ƙarfe ake zurawa cikin ɓargon ƙashin cinya don a samu saiti, a nan kuwa ba sai an yi haka ba. Abin ma ba sabo ba ne yadda dillali ya riƙa zuzutawa, tun 1997 aka fara shi a Grenoble ta Faransa. Kuma daban yake da mutum-mutumin da ke taya likita yanka ƙashi, irin wanda ake kira Mako, duk da shi dillalin yana cakuɗa su kamar abu ɗaya ne.

Maganar gaskiya, ƙafar ta miƙe. Washegarin aiki aka tsayar da Hajiya da sanda mai ƙafa huɗu, na kalli ƙafar da na saba gani a karkace tun ina saurayi, sai ga ta sambal. Fita na yi waje don kada ta ga idona. Da a ranar aka ce in ba su maki, goma bisa goma zan bayar, har da gyara.

Sai muka dawo gida.

Kwana biyar da saukarmu, ƙanwata tana shafa mata mai sai ta ce, "Yaya, wannan kuma ramin mene ne?" Ƙasa da babban ɗinkin, kamar faɗin tafin hannu, a kan ƙwauri, akwai wasu 'yan ramuka biyu, kowanne da ɗinki ɗaya. A can an rufe su da filasta, mu kuma hankalinmu na kan babban. Ɗaya ya bushe. Ɗayan ya yi ja, ya ɗau zafi, yana tsatsar ruwa. Hajiya kuwa ga ciwon suga. A daren zazzaɓi ya rufe ta, ga wuta an ɗauke, ina haska ƙafar da fitilar waya ina jujjuya takardar sallama. Shafi huɗu, babu layi ko ɗaya da ya ambaci ramukan nan. Na kira lambar da suka ce a kira ko da tsakar dare, ba a ɗauka ba. Na tura wa dillali hoto ta WhatsApp, alama ta yi shuɗi, ya gani, shiru. Mutumin da kafin mu biya yake gaishe ni sau uku a rana, har yana cewa Hajiya uwarsa ce.

Da safe yaron kemis na layinmu ya ce a ba ta kafso kawai zai bushe. Allah ya sa ban saurare shi ba. Muka ɗauke ta zuwa wajen wani likitan ƙashi a nan cikin gari, dattijo, ya ɗaga zanin kaɗan ya duba, ko takardar bai buɗe ba ya ce, "Da na'ura aka yi mata ke nan. Wurin ƙusa ne." Ashe ƙwallayen nan da aka yi mini bayani, ƙusoshi ake hudawa cikin ƙashi a kafa su. An gaya mini kyamara, an gaya mini digiri, ba a gaya mini ƙusa ba. Ya ɗebi ruwan mikin aka kai gwaji, ya sa a yi hoto don ya tabbatar ƙashin bai tsage a wurin ba, domin yakan faru ko da ba kasafai ba. Sannan ya faɗi maganar da ta sa ƙafafuna suka yi sanyi: idan ƙwayar cuta ta kai ga ƙarfen da ke cikin gwiwa, yana iya kaiwa ga sake buɗewa a cire shi.

Mako uku muka yi muna zarya, kullum wanki da magani, Keke Napep na buga ta a ramukan hanya tana cije leɓe. Alhamdu lillahi abin ya tsaya a fata. A cikin zaryar nan na tambaye shi ko kuɗin kwamfutar asara muka yi. Ya yi murmushi ya ce saiti dai na'ura ta fi ido daidaitawa, amma wajen raguwar ciwo da iya tafiya, bincike da yawa bai ga wani babban bambanci tsakaninta da hannun ƙwararren likita ba. Ban ji daɗin amsar ba, don ni na sayar da fili.

Yanzu Hajiya na zuwa har Kasuwar Barci da ƙafarta, ba sanda, wannan ba zan ɓoye ba. Amma duk lokacin da na gan ta tana salla a kan farar kujerar roba sai raina ya sake ɓaci, don dillalin nan ya rantse wata uku za ta koma sujada a kan darduma. Mai yi mata gashin ƙashi ya lanƙwasa gwiwar har ta riƙa cewa, "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah," ya auna ya samu digiri 110, ya ce madalla, amma zaman tahiya na son fiye da haka nesa. Banɗaki ma sai da muka fasa muka sa na zama, shi ma babu wanda ya ce mu shirya masa.

Ga shi gwiwar hagu ta fara nata. Shekaranjiya ta ce mini, "Wannan karon ba na hawa jirgi." Ban ce mata komai ba. Dillalin ma ya farfaɗo makon jiya, ya turo hoton talla, wai akwai rangwame idan na kawo musu mutum biyu. Saƙon yana nan daidai ƙarƙashin hoton mikin Hajiya da bai amsa ba.