Jerin zaɓi ko buɗaɗɗen shel: abin da na gani bayan amfani da duka biyun

Har yau akwai allunan sanarwa na kwamfuta, waɗanda aka fi sani da BBS, wato kwamfutocin da mutane ke shiga daga nesa su bar wa juna saƙo, kuma suna aiki. Mutane da yawa suna zaton sun mutu tun lokacin da intanet ta mamaye ko'ina a tsakiyar shekarun 1990. Ba su mutu ba. Galibinsu dai sun bar layin tarho sun koma kan intanet, ana shigarsu ta telnet ko SSH, hanyoyin shiga wata kwamfuta daga nesa da rubutu zalla. Na ɗauki lokaci ina amfani da iri biyu: wani ƙaramin allo da mutum ɗaya yake gudanarwa da manhajar Synchronet, wanda komai nasa jerin zaɓi ne, da kuma SDF, wata kwamfutar jama'a mai tafiya da Unix (wani tsarin manhajar da ke tafiyar da kwamfuta), wadda take ba mutum shel, wato baƙin fili inda kai ne za ka rubuta wa kwamfutar umarni da hannunka. Tambayar da masu wannan harka suka daɗe suna gardama a kai ita ce: wanne ya kamata a ba mai shigowa?

Allon mai jerin zaɓi ya karɓe ni hannu bibbiyu. Da na shiga, sai ga zane mai launi da aka yi da haruffa, ƙarƙashinsa kuma jeri: danna wannan harafi ka karanta saƙonni, danna wancan ka shiga ɗakin fayil, ga na wasanni, ga na fita. Duk wanda ya taɓa tura kuɗi da lambar banki ta waya, inda ake ce masa danna 1 ko danna 2, ya riga ya iya. Ban buɗe wata takardar koyarwa ba, amma cikin 'yan mintuna ina karanta hirar mutane daga ƙasashe daban-daban da ta zo ta FidoNet, hanyar musayar saƙo tsakanin alluna da Tom Jennings ya kafa a 1984. Wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina ganin masu son shel suna raina shi fiye da kima.

Asali ma haka abin ya fara. Allo na farko, CBBS, Ward Christensen da Randy Suess ne suka haɗa shi a Chicago, ya fara aiki ranar 16 ga Fabrairun 1978, bayan wata guguwar dusar ƙanƙara mai ƙarfi ta tsare mutane a gida. Layin tarho ɗaya ne, mutum ɗaya a lokaci guda, ga na'urar modem, mai haɗa kwamfuta da layin tarho, tana tafiyar hawainiya. A irin wannan hali, harafi ɗaya da zai kai ka inda kake so ya fi dogon umarni daraja. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, shi kansa Suess daga baya ya buɗe Chinet, kwamfutar Unix da jama'a ke iya shiga. Ke nan tun daga tushe hanyoyin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Amma bayan ɗan lokaci sai na fara jin allon ya yi mini ƙunci. Abin da mai shi ya sa a jeri, shi kaɗai ke akwai. Na so in tattara saƙonnin da suka shafi wani batu in ajiye su wuri guda, babu zaɓin haka. Na so in rubuta dogon bayani in dawo gobe in ƙarasa, editan da ke ciki bai dace da hakan ba. Kai baƙo ne, ana girmama ka, ana ba ka abin da aka tanada, amma ba ka da ikon matsar da ko da kujera.

A SDF labarin daban ne. Shi ma a matsayin allon sanarwa ya fara a 1987 a kan kwamfutar Apple IIe a jihar Texas ta Amurka, kafin ya koma Unix. Yau a kan NetBSD, wani nau'in Unix, yake tafiya, ƙungiya ce da ba ta neman riba, kuma mambobi ne ke ɗaukar nauyinta. Da manhajar Termux, mai ba da filin rubuta umarni a wayar Android, na yi rajista, na zaɓi suna da kalmar sirri, sai ga ni gaban fili babu komai sai alamar jiran umarni. Nan ne mutum yake gane bambancin. Babu wanda zai ce maka danna nan. Sai ka rubuta help ko faq ka karanta, ka koyi ls don ganin fayilolinka, cd don sauya wuri, man don neman bayanin kowane umarni.

Kwanakin farko suna da nauyi, wannan gaskiya ce game da kowane shel a duniya. Amma abin da ke bayan wannan nauyin ya cancanci wahalar. Allon tattaunawa yana nan, sunansa bboard, ɗakin hira kai tsaye kuma com. Bayan su akwai imel, akwai wurin ajiye shafinka na intanet, akwai gopher (tsohuwar hanyar wallafa rubutu a intanet), akwai editoci irin su vi da nano. Aikin da na kasa yi a wancan allon, na tattara rubutu a kan batu ɗaya, a nan layi guda na grep, umarnin neman kalma a cikin fayiloli, ya gama shi. Daga nan na fara rubuta ƙananan umarni a fayil don su riƙa yi mini aikin da nake maimaitawa. Ban shiga da niyyar koyon Unix ba, hira ce ta kai ni, amma na fito da abin da ake biyan kuɗi a koya. Ga ɗalibin da ba shi da kwamfutar kansa sai waya, wannan babbar dama ce, domin rubutu zalla ba ya cin data, kuma ko sabis ya yi rauni yakan lallaɓa ya tafi.

To me ya sa ba kowane mai allo ke buɗe shel ba? Dole a yi musu adalci, domin tsoronsu yana da tushe. Wanda ka ba shel ka ba shi damar gudanar da manhaja a kan na'urarka. Mutum ɗaya mai mugun nufi zai iya rubuta ɗan umarnin da zai yi ta haifar kansa har kwamfutar ta sandare wa kowa. Wani zai cika rumbun ajiya. Wani zai mayar da wurin mafakar aika saƙonnin damfara, ko ya kai wa wata kwamfuta hari daga can, a ƙarshe adireshin mai allon ne zai shiga jerin waɗanda aka toshe. Sabon shiga kuma zai iya barin fayilolinsa a buɗe kowa ya karanta don bai san chmod ba, umarnin da ke ƙayyade wanda zai iya buɗe fayil. Mutumin da yake gudanar da allo shi kaɗai bayan ya taso daga aiki ba shi da lokacin gadin duk wannan, kuma ban ga laifinsa ba idan ya ce jerin zaɓi kawai zai bayar.

Sai dai akwai wani abu da ya kamata a sani. Jerin zaɓin da aka ɗora a kan Unix ba katanga ba ce mai ƙarfi kamar yadda ake zato. Idan zaɓin rubuta saƙo yana buɗe vi, wanda ya san hanya zai iya fita zuwa shel daga cikin editan da ɗan gajeren umarni. Haka ma manhajojin karanta dogon rubutu irin su more da less. Saboda haka wanda aka hana a zahiri shi ne mai gaskiyar da yake son koyo, gwanin ɓarna kuwa yakan sami kafa. Tsaro na gaske yana wajen iyakance yawan ajiya da yawan ayyukan da kowane asusu zai iya gudanarwa, da kuma sanin waɗanda aka bari suka shiga.

A nan ne tsarin SDF ya burge ni ƙwarai. Sabon asusu ba ya samun komai a buɗe. Ana fara ba ka taƙaitaccen wuri, sai an tantance ka da ɗan ƙaramin taimakon kuɗi kafin a sake maka mara, kayan rubuta manhaja masu nauyi kuma suna matakin mambobin da ake kira ARPA. Mai ɓarna ba ya son barin sawu, don haka wannan ɗan shingen yana rage su sosai, mai son koyo kuma hanya a buɗe take gabansa. Tsofaffin wurare irin su M-Net da Grex a garin Ann Arbor na jihar Michigan sun ɗauki shekaru suna haɗa dandalin tattaunawa da shel a na'ura guda, kuma a 2014 da Paul Ford ya buɗe tilde.club, mutane suka yi ta tururuwa neman asusu a kan kwamfutar Unix guda ɗaya, abin da ya nuna ƙishirwar tana nan.

Ba na cewa jerin zaɓi ya tsufa. PTT na Taiwan, wanda aka kafa a 1995, jerin zaɓi ne tsantsa, kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren muhawara a ƙasar. Idan manufar allo hira ce kawai, jeri ya wadatar, har ya fi. Da zan kai mahaifina ko wani da ba ruwansa da kwamfuta, can zan kai shi.

Ni dai ra'ayina, duk mai allon da yake da ƙarfin kula da shi, ya sa jerin zaɓi a bakin ƙofa, ya kuma sa shel a matsayin ɗaya daga cikin zaɓin, ga wanda aka tantance. Ƙaramin allon nan har yanzu ina leƙa shi don hirar FidoNet da wasanninsa. Ƙanena da ke karatun kimiyyar kwamfuta kuwa SDF na ce ya buɗe asusu, kuma na ce masa kada ya nemi taimakona sai ya karanta faq daga farko har ƙarshe.