Hattara da masu sayar da tafiyar Basalona a dunƙule ta WhatsApp da Instagram

Jama'a, duk mai shirin zuwa Basalona ta ƙasar Sifaniya, ko don hutu ko don kallon ƙwallo, ya yi hattara da wasu dillalai da ke tallar tafiya a dunƙule a Instagram, Facebook da zaurukan WhatsApp. Tallar kusan iri ɗaya ce: gida mai ɗaki biyu kusa da bakin teku a unguwar Barceloneta, tikitin shiga majami'ar Sagrada Família da lambun shaƙatawa na Park Güell "ba bin layi", tikitin wasan Barça, da abincin dare na paella (dafa-dukar shinkafa ta Sifaniya), duka a kan kuɗin da ko otal kaɗai ba zai biya ba. Sai a ce ka tura rabi kafin alƙalami yau-yau, wai akwai wani da ke jira. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar dillali, kuma kowanne yana da suna ko lamba da za ka iya tantancewa kafin kuɗi ya bar hannunka.

Mu fara da tikitin Sagrada Família, majami'ar nan ta Antoni Gaudí da aka aza harsashinta a 1882, domin a nan suka fi cin kasuwa. Wurin yana cika, tikitin kwanaki da yawa kan ƙare tun kafin ranar, musamman a lokacin zafi, kuma baƙon da ya rasa yakan kama duk abin da aka miƙo masa. Ana sayar da na gaskiya a shafin sagradafamilia.org da manhajarsu. A 2025 na shiga kawai ya kama Yuro 26, mai haɗe da hawa hasumiya Yuro 36. Ka duba shafin don farashin ranar. Kowane tikiti yana ɗauke da rana, da sa'a, da sunan mai shi, kuma ana iya neman fasfo a ƙofa. Wannan kaɗai ya isa ya tona asirin mai cewa "ina da guda huɗu a ajiye". Da sunan wa aka ajiye su?

Dabarar ba ta da wuya. Ɗan damfara ya sayi tikiti ɗaya na gaskiya, ko ya samu hoton na wani, ya goge sunan ya sa naka, ya turo maka fayil mai kyan gani. Lambar QR ɗin da ke jiki ita ce tikitin, kuma sau ɗaya na'urar ƙofa ke karɓarta. In an sayar wa mutane da yawa fayil ɗaya, wanda ya riga isa ne zai shiga, sauran su tsaya a titi suna kiran lambar da ta daina shiga. Ma'aikatan ƙofa ba su da abin da za su yi maka, tunda ba a wurinsu ka saya ba, kuma ƙila babu sauran gurbi a ranar.

Maganar "ba bin layi" kuwa romon baka ce. Duk tikitin wurin na lokaci ne, kuma kowa sai ya bi ta na'urar binciken kaya. Akwai kamfanonin yawon buɗe ido na halak da ke sayar da tikiti tare da ɗan jagora a kan kuɗi sama da na asali, wannan ba laifi ba ne. Amma akwai shafukan da ke kwaikwayon na asalin har da launi da hoto, su biya kuɗin talla don su fito a saman Google. Kada ka danna na farkon da ka gani. Rubuta adireshin da hannunka. Haka Park Güell: shafinsa parkguell.barcelona ne, kuɗin shiga ya koma Yuro 18 a 2025, kuma minti 30 kawai ake ba ka bayan lokacin da ke kan tikitin. Wurin a kan tudu yake, hawa ne sosai daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Lesseps ko ta Vallcarca, don haka ka fito da wuri.

Gidan haya ne inda asarar ta fi girma. A Basalona, duk gidan da ake ba baƙi haya na 'yan kwanaki dole ya kasance da lasisi, lambarsa tana farawa da HUTB sai lambobi shida, kuma dole a nuna ta a cikin talla. Hukumar birnin ta daɗe da taƙaita irin wannan lasisi, har ma magajin gari Jaume Collboni ya sanar a watan Yunin 2024 cewa za a kawo ƙarshen kusan 10,000 da ake da su nan da Nuwamban 2028. Ma'ana, gidajen halak ba su da yawa, kuma masu su ba sa neman kwastoma da garaɓasa. Araha ba ta ado a wannan gari.

Ganin lambar kaɗai bai wadatar ba, domin 'yan damfara kan kwafe ta daga tallar wani. Ka nemi cikakken adireshi: titi, lambar gini, hawa na nawa, ƙofa ta nawa. Shafin hukumar birnin yana da wurin da za ka saka adireshi ka ga ko akwai lasisi a nan. Sannan ka sa hotunan tallar a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa za ka tarar falon nan ɗaya yana Lisbon ko Valencia a wata tallar. In har yanzu kana so, ka ce a kira ka ta bidiyo daga cikin gidan, a leƙa da waya ta taga, a sauka a nuna maka allon sunan titi a bangon kusurwa, ka gwada da hotunan titin da Street View na taswirar Google ke nunawa. Mai gida na gaskiya ko wakilinsa ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya ce yana aiki a wata ƙasa kuma za a aiko maka da makulli bayan ka biya, ka rufe zancen.

Hanyar biya ita ce ke raba gardama. 'Yan damfarar za su turo maka saƙo mai tambarin kamfanonin kama masauki irin su Airbnb ko Booking.com, amma a ƙasa a ce ka tura kuɗi wani asusun banki, ko ta Western Union, ko kirifto, ko ma wani asusun naira na "yaronsu". Waɗannan kamfanoni ba sa aiki haka; cinikin da ya fita daga cikin manhajarsu babu ruwansu da shi. Lambar asusun bankin Sifaniya tana farawa da ES, amma ko da ES ɗin ne, in sunan mai asusun ya saɓa da na wanda kake magana da shi, ka janye. Biya da kati a shafin gaskiya yana ba ka damar kai ƙara bankinka a nemo kuɗin. Kuɗin da ka tura da kanka da wuya ya dawo.

Ga masu neman biza daga Najeriya ko Nijar akwai ƙarin haɗari. Takardar masauki tana cikin abin da ake haɗawa da neman bizar Schengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da Sifaniya ke cikinsu, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. In dillali ya ba ka takardar bogi, ofishin jakadanci ya bincika bai samu ba, kai ne mai laifi a idonsu ba shi ba. Za a hana ka, kuɗin biza Yuro 90 ba a mayarwa, kuma hanin yana shiga rumbun bayanan da duk ƙasashen Schengen ke gani. Ga shi ka riga ka tura wa baƙo hoton fasfonka, wanda zai iya yaudarar wani da shi gobe a matsayin "shaidar" cewa shi mutumin kirki ne.

Tikitin ƙwallo: a fcbarcelona.com ko manhajar kulob ake saye. La Liga ba ta tsayar da takamaiman rana da sa'ar wasa sai saura 'yan makonni, don haka wanda ya ba ka "Asabar ƙarfe tara" wata uku kafin wasa, shaci-faɗi yake yi. Tun 2023 aka shiga gyaran Camp Nou, filin wasan Barça, kulob ɗin ya koma filin Montjuïc na wani lokaci, kujeru da farashi suka sauya, su kuma dillalai suna fakewa da wannan ruɗani. In an ce za a ara maka katin wani memba, ka sani da sunan mai shi yake, kuma ana iya tsayar da kai a ƙofa.

Takardar cin paella ma yawanci ko gidan abincin bai san da ita ba, ko kuma irin wuraren nan ne na titin La Rambla masu manyan hotuna a ƙofa, inda ake ɗumama daskararriya a kawo cikin minti kaɗan. Ta gaske sai an yi oda ake ɗorawa, tana cin aƙalla minti 20 a wuta, galibi ta mutum biyu ce zuwa sama, kuma farashin da ke rubuce na kowane mutum ɗaya ne. Ka tambaya ko akwai cerdo, wato naman alade, musamman a wadda ake kira mixta. Unguwar El Raval tana da wuraren halal da yawa da za ka shiga da ƙafarka ba tare da takardar kowa ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya kira bankinsa nan take, kada ya tsaya ja-in-ja da dillalin. Ya ɗauki hoton hirar tun daga farko, da lambar waya, da lambar asusu, da rasit, da tallar kanta kafin a goge ta. In ya riga ya isa Basalona, ya je ofishin 'yan sandan Kataloniya, Mossos d'Esquadra, akwai ɗaya a titin Nou de la Rambla, ya shigar da ƙara a rubuce, abin da suke kira denuncia, ya karɓi kwafi, domin banki da kamfanin inshora za su nema. Lambar gaggawa 112 ce. Kuma in wani ya ɓullo daga baya yana cewa zai ƙwato maka kuɗin in ka biya ɗan wani abu, kada ka ba shi ko sisi. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da sabuwar lamba.